Baba Sabitu Mai Wankin Tumbi da Saniyar Adawiyya

Duk wanda ya daɗe a Zangon Lome ya san Baba Sabitu, ko da bai riƙe sunansa ba. Shi ne dattijon nan gajere, mai tafiya kamar yana neman abin da ya yar, wanda yatsunsa suka kanannaɗe kamar ɗanyar citta saboda daɗewa cikin ruwa. Shekara talatin da huɗu ya yi yana wankin tumbi a abatuwa, wato mayanka, can wajen tashar jiragen ruwa. Ba mahauci ba ne, kuma bai yarda a kira shi haka ba. Mahauta su yanka, su feɗe, su turo masa kayan ciki a baro. Shi nasa ya zazzage tumbin, ya wanke, ya kankare, ya miƙa wa mata masu saye.

A tsohon Zango aka haife shi, na tsakiyar gari, wanda yanzu ko tubalinsa babu. Kakansa Bakatsine ne, fataucin goro ya kawo shi bakin teku ya zauna. Sabitu yana saurayi aka tashi unguwar aka dawo da mutane nan Agoe. Yakan ce a lokacin, in ka tsaya a ƙofar masallaci kana hango shanu suna kiwo har inda ido ya gaji. Ya auri Ramatou, suka haifi shida, huɗu suka rayu, duk mata, kuma duk aure ya watsa su: ɗaya a Kumasi, ɗaya a Sokode, biyu a nan gari.

Ni sunana Abdoul, maƙwabcinsa ne, katanga ɗaya ta raba mu. Kayan gyaran babur nake sayarwa a bakin titi.

Mutanen Zango da yawa suna da saniya ɗaya ko biyu. Ba a gida suke ajiye su ba, makiyaya ake ba wa, su haɗa garke su kai fadamar kogin Ziyo, bayan Togblekope. Mai saniya kan yi wata shida bai je ya gan ta ba, kasuwa ta riƙe shi. Wata shekara da rani shanu suka yi ta mutuwa, aka fara zargin juna tsakanin masu dabbobi da makiyaya. Bayan sallar Juma'a liman ya ce a sami mutanen da za su riƙa zuwa duk Asabar su duba lafiyar shanun don Allah, su dawo su gaya wa masu su abin da suka gani. Mu shida muka ba da suna. Ni na shiga ne don ina da babur. Akwai Fo Komlan, mutumin Ewe (Fo a wajensu kamar "yaya" ne), Kirista, wanda ya yi ritaya daga aikin taimakon likitan dabbobi, Hausarsa ta fi ta wasu 'ya'yanmu. Sai kuma Baba Sabitu, wanda lokacin bai fi shekara ɗaya da barin abatuwa ba.

Da ya ɗaga hannu, wani ya ce daga bayan sahu, "Baba, ai ku sai saniya ta mutu kuke sanin ta."

Aka yi dariya. Shi bai yi ba. Ya ce, "Shi ya sa na san abin da ke kashe ta."

A hanya ya ba ni labari. Ya ce shekarunsa na farko a abatuwa, in ka buɗe tumbi ciyawa ce kawai, sai ɗan yashi. Daga baya aka fara ganin baƙar leda, ɗaya biyu. Kafin ya bar aiki, cikin tumbi goma da wuya ka sami uku da babu ita. Takan dunƙule da igiya da tsumma da gashin kanti na mata, ta zama curi mai tauri. Akwai ranar da sai da mutum biyu suka kama kafin su ɗaga abin da ya fito daga cikin bijimi ɗaya. Ya ce, "Saniya tana ci tana ƙoshi, tana mutuwa da yunwa. Ba inda abincin zai zauna."

Abin da ba mu zata ba, ashe tsoron saniya mai rai yake ji. Ranar farko wata karsana ta juyo da kai, sai ga Baba Sabitu a bayan babur ɗina. Alassani, makiyayin da ya fi kowa yawan shanun mutanen Zango, Bafulatani daga wajen Gaya, shi ya koya masa yadda ake tunkarar dabba daga gefe, ana yi mata magana, a fara ɗora hannu a doro. Cikin wata biyu sai ga shi yana shiga tsakiyar garke shi kaɗai.

Aikinmu ba wani mai wuya ba ne. Mukan fita bayan asuba. Fo Komlan ya duba ido da hanci da kofato, mu kuma mu cire kaska, mu leƙa inda suke shan ruwa, mu lura da wadda ba ta tuƙa. Sauran lokacin mu bi fili da buhuna muna tsintar ledar da iska da ruwa suka kwaso daga gari. Baba Sabitu kuwa yakan tsaya a hagun saniya, ya dunƙule hannu ya danna kwiɓinta a hankali, ya rufe ido. Sai ya ce, "Wannan ciyawa ce," ko kuma, "Wannan akwai kaya." Sau uku aka yanka waɗanda ya nuna, aka tarar da yadda ya faɗa. Daga nan maganarsa ta zama hukunci. Cikin mu shida, uku sun gaji sun bari kafin shekara ta zagayo. Muka rage ni da shi da Fo Komlan, muka yi shekara huɗu a haka.

A garken Alassani akwai wata jar saniya mai fari a goshi, Goshi ake ce mata. Ta Adawiyya ce, wata bazawara da ke bayan layinmu. Mijinta Taufiq direban babbar mota ne a hanyar Wagadugu, hatsari ya ɗauke shi, ya bar mata 'ya'ya uku da wannan saniya. In Goshi ta haihu, Alassani yakan aiko da madara kullum, Adawiyya ta yi wagashi, wato cuku, ta soya ta sayar a bakin titi. Da shi take ciyar da gidan. Baba Sabitu ya shaƙu da Goshi fiye da sauran, har ɓawon ayaba yakan taho mata da shi a aljihu.

A ranin shekara ta biyar, cikin watan Fabrairu, muka je wata Asabar muka tarar da ita tsaye a bayan garke, ba ta kiwo. Tana da tsohon ciki, amma ƙashin bayanta ya fito. Baba Sabitu ya danna kwiɓinta, ya daɗe bai buɗe ido ba.

Alassani ya ce, "Kwana uku ba ta yi tuƙa ba, Baba. Kashinta kamar na akuya."

Baba Sabitu ya ce, "Akwai kaya. Da yawa."

"To, a yanka tun tana da nama. Mai ita ta samu abin da za ta sayi 'yar karsana."

Baba Sabitu ya zagaya dama, ya shimfiɗa tafin hannunsa a ƙasan cikinta. Na ga fuskarsa ta sauya. Ya kamo hannuna ya ɗora a wurin, na ji wani abu ya motsa, ya tokare ni, ya koma.

Ya tambayi Alassani, "Saura kwana nawa ta haihu?"

"Mako uku, ko ƙasa da haka."

Ya juya ga Fo Komlan, ya ce, "Fo, ba a iya tsaga ta a cire ledar?"

Fo Komlan ya ce akwai wani likita da ya sani mai yin wannan aiki, ya taɓa gani an yi, saniyar kuma ta tashi. Amma mutumin yana arewa, sai nan da kwana goma zai dawo. Ya ce, "Fo Sabitu, ni ban ce za ta kai ba, ban ce ba za ta kai ba. Cikinta kai ka sani."

Baba Sabitu ya ce, "Za ta kai kwana goma."

Alassani ya sunkuyar da kai yana tona ƙasa da sanda. Ya ce, "Mai ita za ta faɗa."

Da la'asar muka je gidan Adawiyya. Muka same ta a tsakar gida tana wanki. Ta goge hannu, ta kawo mana benci, ta durƙusa ta gaishe shi. Ya faɗa mata komai, bai rage ba: maganar leda, da abin da Alassani ya ce, da maganar likita.

Ta ce, "In an yanka, ɗan fa?"

"Ya tafi."

"In an jira kuma?"

"In Allah ya yarda ki sami biyu. In kuma bai yarda ba..."

Ta ce, "Baba, ni mace ce, ko inda suke kiwon ban taɓa zuwa ba. Ku kuka sani. Abin da kuka ce shi za a yi."

Ya ce, "A jira, 'yata."

A hanyar gida na ce masa, "Baba, kun tabbata?" Sai ya tsaya ya jingina da wata katanga. Ya ce a abatuwa, ba a yin mako guda bai ga an fito da ɗan tayi daga cikin saniyar da aka yanka ba. Wani har gashi ya fito masa, kofatonsa fari fat, mai laushi. Shi ake ba wa ya kai juji, don shi ke da baro. Ya ce, "Ban taɓa ƙirga su ba, Abdoul. Amma wannan da rai na taɓa shi."

Kwana takwas a jere yana zuwa fadamar. Ranar da na samu sarari in kai shi, ranar da ban samu ba ya hau zemijan, wato ɗan acaɓar nan garin. Yakan dama mata dusa da ruwa-ruwa da ɗan kanwa, ya ɗura mata man gyaɗa da kwalba, ya yanko ɗanyar ciyawa daga bakin kogi ya riƙa ba ta da hannu. A kwana na shida ta ɗan ci, har ta yi tuƙa kaɗan. Ya dawo gida yana ta fara'a, ya aika wa Adawiyya cewa an ga sauƙi. Kullum da wuƙarsa a jaka, don ko ta kwana.

A kwana na tara Ramatou ta tashi da jiri, hawan jininta ya motsa. Ya kai ta asibitin unguwa, layi ya riƙe su. Can fadama kuma rana ta take, Alassani ya kora garke zuwa kogi, ya bar Goshi kwance a inuwar mangwaro tana numfashi daidai. Bai yi awa biyu ba ya dawo. Ya tarar ta miƙe ƙafafu, ƙudaje sun fara taruwa a idonta. Ba wanda ke kusa da zai sa mata wuƙa. Ta zama mushe.

Ni Alassani ya kira. Na rufe shago na sami Baba Sabitu da Ramatou suna fitowa daga asibiti. Da ya ga fuskata bai tambaye ni komai ba. Ya raka Ramatou har ɗaki, ya ɗauko jakarsa, ya hau bayana.

Muka tarar Alassani ya fara haƙa rami. Baba Sabitu ya ce a dakata. Ya tuɓe riga, ya durƙusa, ya buɗe ta da hannunsa. Ban taɓa ganin yana aikinsa ba sai ran nan. Ya ciro curin, ya kai girman tulu, baƙar leda da igiyar buhu, har da madaurin silifa. Sa'an nan ya fito da ɗan. Mace ce, ja, ta gama haɗuwa. Ya share mata fuska da gefen hannu, ya kwantar da ita a jikin uwar. Muka binne su tare. Alassani ya ce, "Haka Allah ya so."

Na ce bari ni in je in faɗa wa Adawiyya. Ya ce a'a, bakin da ya ce a jira shi zai je.

Ta saurare shi tana tsaye, da ludayi a hannu. Ba ta yi kuka a gabanmu ba. Ta ce, "Ko naman ba a samu ba?"

"Ba a samu ba."

Ta daɗe tana kallon murhu. Ta ce, "Taufiq ya saye ta shekarar da na haifi na fari. Da kansa ya jawo ta daga kasuwar Adetikope a ƙafa." Sai ta ce, "Allah ya sa haka ya fi alheri. Ku gaida Inna Ramatou da jiki."

Washegari ya jawo ragon da yake kiwo don layya ya kai mata. Ta ce ya mayar. Ya nace, ta ce, "Baba, ba zan ɓoye muku ba, abin ya tsaya mini a rai. Na kwana ina cewa da an bi maganar Alassani. Amma ni na ce a yi yadda kuka ce. In na karɓi ragon nan, ya zama na ce ku kuka kashe ta, kuma ba zan faɗi haka ba. Ku bar ni da abin da ke raina, zai wuce."

Ya dawo da ragon. Ina jin sa ta katanga yana ɗaure shi, Ramatou tana tambayarsa.

Kafin azumi Adawiyya ta bar unguwar. Ba madara, ba wagashi, ɗakin ya fi ƙarfinta. Ta koma wurin yayarta a Adidogome tana taya ta sayar da atamfa, babban ɗanta kuma dangin uba suka ɗauke shi zuwa Sokode. Ranar da aka ɗora kayanta a mota Baba Sabitu bai fito ba. A Zango magana ba ta kwana. Wasu suka ce tsufa ne, wasu suka ce mai wankin tumbi ya mai da kansa likita. Ba wanda ya faɗa a gabansa, amma ya ji.

Wata huɗu bai taka fadama ba. In na buga masa ƙofa ranar Asabar, Ramatou ce ke fitowa ta ce, "Malam ya ce ku tafi." Ya rame. Yakan zauna a ƙofar gida daga hantsi har azahar, hannuwansa a kan gwiwa.

Ran nan sai ga Alassani da kansa, da sandarsa da malafarsa, mutumin da ba ya shigowa gari sai da dalili. Ya zauna a tabarma, aka kawo masa ruwa. Bayan gaisuwa ya ce, "Baba, biyu sun sake faɗuwa. Ɗaya mun samu mun yanka, ɗaya ba mu samu ba. Fo yana duba ido, yana duba baki, amma ba ya jin abin da ke ciki."

"Ni ma ban ji daidai ba."

"Kun ji daidai. Kwanan ne ba ku sani ba, shi kuwa ba mai saninsa. Ni da na bar ta na tafi kogi fa? Tun ina yaro nake bin shanu, waɗanda suka mutu a hannuna sun fi garken nan yawa. Da na zauna a gida saboda su, wa zai kai sauran ruwa?"

Baba Sabitu ya ce zai duba. Asabar ta biyu bayan nan na fito na same shi tsaye kusa da babur.

Ya koma, amma ba kamar da ba. Yakan danna kwiɓi ya ce, "Akwai kaya, ya kai kaza," daga nan ya ja bakinsa. In mai saniya ya ce, "To Baba, a yanka ko a jira?" sai ya ce, "Tambayi Alassani." Bai ƙara ba kowa shawara ba, bai kuma ƙara ware wata saniya ya shaƙu da ita ba. In mun zo wucewa ta wajen mangwaron nan yakan bi ta ɗaya gefen.

Shekara biyu muka ƙara. Fadamar tana ta tsukewa. Yau ka ga turakun siminti an kafa, wata mai zuwa ka ga katanga, shanu suna bi ta tsakanin fulotai suna kiwo a kan juji. Daga ƙarshe Alassani ya kwashe garken ya yi arewa, can gaba da Tsevie. Mun kai Baba Sabitu sau ɗaya, ya kwana uku bai iya miƙe bayansa ba. Ramatou ta ce in na sake ɗaukarsa ba ta yafe mini ba. Ni da Fo Komlan muka ci gaba, wata ɗaya sau ɗaya. In na dawo yakan kira ni ta katanga ya tambaye ni shanun ɗaya bayan ɗaya, da kamanninsu.

Ya rasu bara, cikin ƙaramar damina, bayan zazzaɓin kwana biyar. An yi masa sallah bayan azahar, mutane ba su cika sahu uku ba, don ranar kasuwa ce kuma ana yayyafi. Fo Komlan ya tsaya daga nesa, hularsa a hannu, har aka gama, sa'an nan ya bi mu maƙabarta.

Ranar sadakar uku na ga Adawiyya a cikin gidan. Ta zo tun safe daga Adidogome, ta ɗaura zane tana wanke tukwane tare da 'ya'yansa. Da za ta tafi ta tsaya ta gaishe ni. Ta ce sau biyu ta yi niyyar zuwa ta gaishe shi tun yana da rai, hidima ta hana. Ta tambaye ni ko ya taɓa yin maganarta. Na ce yakan tambaya ko yaran suna lafiya. Ta gyaɗa kai, ta gyara mayafi, ta tafi neman mota.

Alassani bai ji ba sai bayan kwana tara, wayarsa ta faɗa ruwa. Ya zo da yamma, ya yi wa Ramatou ta'aziyya daga bakin ƙofa, ya ce in kai shi kabarin. Muka je. An ƙara binne mutum huɗu a layin, ruwa kuma ya daidaita ƙasar, na rasa ko na biyu ne daga bango ko na uku. Na tsaya ina ta dubawa. Alassani ya ce in bari. Ya ajiye sandarsa, muka ɗaga hannu muka yi wa layin duka addu'a. Daga nan na kai shi tasha, don ya bar shanun a hannun maƙwabci kuma yana so ya isa kafin magariba.